Sunan Umma Bai Kai Ƙofa Ba

Laraba, bayan azahar

Kafinta ya zo ya mayar da ƙofar kicin da Yaya ya ɓalle. Ya ce katakon jikin bango ya tsage, amma za ta riƙe in ba a buga ta da ƙarfi ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yanzu a gidan nan ko tari sai an nemi izini. Shi kaɗai ya yi dariya.

Umma tana ta gaya wa masu zuwa dubiya cewa santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Hannun dai yana cikin bandeji. Anti, matar Yaya, ba ta fitowa daga ɗaki sai alwala.

Cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka kwantar da Yaya, can bayan gari, sun ce ana ziyara ranar Asabar, amma sai an tura sunayen masu zuwa ta shafinsu na intanet kafin Alhamis ta wuce. Sau ɗaya ake turawa a mako. Ni ne mai babbar waya a gidan. Ta Yaya har yanzu ana tsintar gilashinta a ƙarƙashin kujera.

Alhamis, da hantsi

Na cike fom ɗin a shago, tsakanin wannan kwastoma da wancan. Shagon namu a ƙarƙashin matakalar bene yake, ina liƙa gilashin waya ina gyaran bakin caji, duk wanda ya hau sama sai ya zubo mini ƙasar takalminsa a ka.

Layin farko na wanda ya buɗe asusun ne, wato ni. Na sa sunana da lambar katina na ɗan ƙasa. Wajen dangantaka na rubuta ƙani, kuma shugaban gida na riƙon ƙwarya. A ƙasa akwai maɓallin ƙara baƙo. Na danna, sabon layi ya fito, na sa Umma. Na sake dannawa, na sa Anti. Na danna aika. Shafin ya yi kore, ya ce an karɓa.

Karatuna na allo ne, boko a waya na tsince shi, amma fom ɗin nan ko Injiniya ba za ta fi ni cike shi ba. Injiniya ita ce mai teburi a ɗakin buga takardu na sama, tana gina wa 'yan kasuwa shafuka. Na faɗa mata haka da ta sauko neman cajarta.

Ta ce, “Mai Gam, ka ga cajata?”

Na ce, “Wace iri ce, fara ko baƙa?”

“Wadda wutsiyarta ke leƙowa daga aljihunka.”

Juma'a, da yamma

Umma ta naɗe wa Yaya kaya da hannu ɗaya. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce naɗina kamar kare ya kwana a kai.

Asabar, bayan la'asar

Mun je mu uku, ni kaɗai na shiga.

A ƙofar akwai taga mai gilashi, da ma'aikaci a bayan kwamfuta. Ya karɓi katunanmu, ya duba, ya turo biyu baya. Ya ce suna ɗaya ne ya iso gare shi. Na ce uku na tura. Ya ce kowa haka yake cewa, shi abin da ya gani a gabansa shi ne aikinsa. Na ce ya dubi tsohuwar nan da kyau, ta yi kama da mai shigar da wani abu? Ya ce in ina son shiga in ajiye wayata a akwati in wuce, lokaci yana tafiya.

Umma ta ce, “Je ka, Auta. Ba komai.” Ta miƙo mini ledar kayan. Suka zauna a benci ita da Anti.

Yaya ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da aka fito da shi ba ni ya kalla ba, bayan kafaɗata ya kalla.

Ya ce, “Kai kaɗai?”

Bakina ya riga ni. Kullum haka yake yi mini. Na ce, “Umma ta ce sai ka aske gemun nan, ba za ta zo ta gaisa da tsintsiya ba.”

Na jira ya ce mini ɗan iska, kamar yadda ya saba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka ta ce?”

“Wasa nake yi, Yaya. Tana waje, wallahi. Kwamfutarsu ce ta haɗiye sunanta.”

“Ba sai ka rufa mata ba. Tana da gaskiya.”

Na rantse, na sake rantsewa. Tagogin ɗakin duk bayan gida suke kallo, ba a hango benci. Ya ce in gaishe ta in ta yarda a ambace shi. Bai buɗe ledar ba.

A mota Umma ta ce, “Ya ya yake?” Na ce ya yi ƙiba.

Lahadi

Ban fita ba.

Litinin, da rana

Na kira cibiyar. Wata mai murya kamar ta tashi daga barci ta ce shafin wani kamfani ne ya gina musu, su abin da ya iso suke gani. Na ce to a cire ni daga layin farko a sa Umma. Ta ce sauya mai asusu sai babban likita ya sa hannu, kuma yana hutu. Ta ce in sake turawa ranar Alhamis, wataƙila sabis ne ya yi rauni.

Wataƙila sabis ne. Ƙarƙashin matakala ko gaisuwa da ƙyar take fita.

Abin da ke cina shi ne, duk gidanmu ni ne wanda ba a sayen maganarsa. Bara Injiniya ta koya mini yadda ake buɗe cikin shafi a kwamfuta a canza rubutun da ke fuskarsa. Na kira Yaya shago na nuna masa labari a shafin wasanni, wai wani mai kiwon kaji ya sayi kulob ɗinsa, za a mayar da filin wajen shanya dusa. Sai da ya kira abokansa biyu yana faɗa kafin ya gane. Ya bi ni da takalmi har bakin titi. Ranar ya ce ko sallama na yi masa sai ya leƙa ya ga ko da gaske na shigo.

Mun yi dariya sosai ranar.

Laraba, da safe

Kawun Anti ya zo da mota. Ta ce kwana biyu za ta yi a gidansu. Ta ɗauki har da keken ɗinkinta.

Umma ta raka ta bakin ƙofa, ta dawo ta wanke kofunan da ta riga ta wanke.

Alhamis, bayan azahar

Na hau har rufin bene, inda sabis ke cika sandunansa. Sunana yana nan a layin farko, ba ya goguwa. Na ƙara Umma, na karanta lambar katinta sau uku kamar mai bitar hadda. Ban sa Anti ba. Na ɗauki hoton allon, sunaye biyu ɓaro-ɓaro, sannan na danna aika.

Ya yi kore.

Asabar, da yamma

Suna ɗaya.

Na nuna wa mutumin taga hoton. Bai yi faɗa ba, shi ma da alama ya gaji. Ya juyo mini kwamfutarsa ya ce, “Ka ga naka, ga nawa. Abin da ke cikin wayarka bai zo nan ba.”

A bencin akwai wani dattijo mai sanda. Ya ce 'yarsa ce ta buɗe asusun, ita ke shiga wajen yaronsu, shi yana zuwa ne ya zauna kusa. Ya matsa, Umma ta zauna.

Na shiga. Na fito. Ƙafafuna ciwo suke yi, ba zan rubuta sauran yau ba.

Lahadi, bayan magariba

Umma ta dafa abinci kamar na mutum biyar. Mu biyu ne.

Litinin, da hantsi

Babu kwastoma, bari in rubuta.

Ranar Asabar na roƙi wata nas ta leƙa waje ta dawo ta gaya wa Yaya da bakinta, tunda nawa bakin ya lalace. Ta je, Allah ya saka mata. Ta ce masa, mahaifiyarka tana benci, mai bandeji a hannu. Na ɗauka an gama. Sai ya ce, a hankali, “Har yanzu da bandejin?” Can kuma ya ce, “Ta zo har ƙofa, ta kasa shigowa ta gan ni.” Nas ɗin ta ce ba haka ba ne, matsalar suna ce. Ya ce ya gode, ya san an ce a riƙa lallaɓa shi.

Ya ce in daina wahalar da kaina.

A hanyar fita nas ɗin ta ce mini bayan Asabar mai zuwa za a mayar da shi babban reshensu, mai nisa, kuma can ba a ziyara sai an ga sauƙi sosai. Watanni, in ji ta. Ta ce yana cin abinci kaɗan, kuma maganin ba ya kama mutumin da ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Asabar ɗaya ta rage. In ya tafi yana ganin Umma ta yafe shi ne, ba yafe masa ta yi ba, ban san wanda za a dawo mana da shi ba.

Ban gaya wa Umma maganar bandejin ba. Yau da safe na ga tana ƙoƙarin kwance shi da haƙori, wai ya dame ta.

Talata, bayan la'asar

Injiniya ta sauko ta ce kwana nawa ba a sace mata komai ba, lafiya? Na ce na tuba. Ta ce ƙarya nake, ta ja kujerar kwastoma ta zauna. Na gaya mata rabin abin. Ba ta tambayi sauran rabin ba. Ta ce in rufe shago in hau da lambar asusun.

Ta buɗe shafin a laftof ɗinta, ta danna ƙara baƙo, layi ya fito. Sai ta buɗe cikinsa, wancan wurin mai rubutu kamar tururuwa inda na taɓa sayar da kulob ɗin Yaya. Ta daɗe tana kallo tana cizon bayan biro.

Ta ce, “Ka tuna labarin mai kaji? Da yayanka ya sake buɗe shafin, me ya gani?”

“Ya koma yadda yake.”

“Saboda a kwamfutar gabanka kaɗai ka canza, can inda shafin ya fito ba su san ka yi ba. To layin nan da kake ƙarawa haka yake. Wayarka ce ta zana maka shi. In ka danna aika, ba hoton allo take turawa ba, akwatunan da aka raɗa wa suna take kwasa ta kai. Layin farko yana da suna. Wanda maɓallin nan yake haifa ba shi da shi. Kamar buhu a tasha ba a rubuta komai a jikinsa ba, direba ya loda masu rubutu ya bar shi a ƙasa.”

Na ce to koren fa? Ta ce koren gaskiya ya faɗa, an karɓi abin da ya iso.

Ni da na hau har rufi ina zagin sabis.

Ta ci gaba da tonawa, sai ta ce, “Kai, zo ka ga abin haushi.” Wanda ya gina shafin ya san da matsalar. Ya tanadi wani ɓoyayyen akwati mai suna, wanda ido ba ya gani, ya kuma rubuta 'yan layukan umarni da za su kwashe sunayen da aka ƙara su zuba a cikinsa kafin a tura. Ya rubuta su tsaf. Sai dai bai ɗaura su a jikin maɓallin aikawa ba, don haka ba a taɓa kiransu ba, akwatin kullum wayam yake tafiya.

Na ce, “Wato ya sa sabon batir bai jona ba.”

Ta ce, “Yau ka yi magana mai amfani. A rubuta ranar.”

Ta aika wa kamfanin saƙo ta nuna musu wurin. Amsa ta dawo nan take, irin wadda inji ke bayarwa, wai sun gode, za su duba.

Laraba, da rana

Kamfanin shiru.

Injiniya ta ce za ta iya kiran umarnin da hannunta kafin mu danna aika, akwatin ya cika ya tafi da kayansa. Na ce ba za a kama ta ba? Ta ce ba gidan kowa za ta fasa ba, sunan uwa ne da lambar katinta, a fom ɗin da aka ce a sa su. Abin da shafin ya kamata ya yi da kansa za ta sa shi ya yi.

Sai ta cire tabarau ta ce, “Amma ka ji sauran. Ban ga babbar kwamfutar can ba. Wataƙila tun da aka gina ta ba ta taɓa ganin akwatin nan da kaya a ciki ba. Tana iya karɓa. Tana iya shaƙewa ta zubar da duka, har da naka sunan. Kuma ba za mu sani ba sai a ƙofa, don ko me ya faru kore za ta nuna.”

In an tura yadda aka saba, ni dai zan shiga. In an gwada nata aka yi rashin sa'a, ranar ƙarshe ba wanda zai zo masa, ko ɗan iskan ƙaninsa.

Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Laraba, bayan isha'i

Na gaya wa Umma, har da maganar buhu da direba. Tana ta jan carbi, ban san ko tana bi ba. Da na gama ta ce, “Shigar da kake yi kai kaɗai, me ta ƙara masa?”



Ta ce, “Ba don in ɓata maka ba, Auta. A tura nawa.”

Alhamis, da hantsi

Mun tura. Na ƙara layin, na sa sunan Umma da lambarta. Injiniya ta rubuta kalma ɗaya a ƙasan wancan wurin na tururuwa ta danna, ta nuna mini ɓoyayyen akwatin: ga sunan Umma a ciki, ga lambar, da wata 'yar sanda a tsakaninsu. Ta ce ni zan danna aika, ba za ta ɗauki alhakin yatsana ba. Na yi bismilla.

Kore. Na tsani koren nan.

Na ce mata in abin ya yi, gilashin wayarta kyauta har ta tsufa. Ta ce ta riga ta ga irin liƙina, kumfa uku a kowane gilashi, in bar shi kawai.

Juma'a

Na liƙa wa wani gilashi a juye. Bai lura ba, ni na kira shi ya dawo.

Asabar, da yamma

Mun isa da wuri. Dattijo mai sanda yana bencinsa. Na miƙa katuna biyu ta taga, na kafa ido a kan hannun mutumin, don na san yadda yake turo kati baya. Ya duba kwamfuta. Ya matso da fuskarsa. Ya ɗaga katin Umma ya kalle ta, ya sake kallon allon.

Ya ce, “Biyu ne.” Kamar shi aka yi wa laifi. Sai kuma ya ce, “Ya aka yi?”

Na ce addu'a. Ya ce to mu ajiye waya.

Umma ta gyara mayafinta ta rufe hannun. A bakin ƙofar ciki ta tsaya ta ce, “Kai zauna a nan.”

“Umma, sunana yana ciki fa.”

“Na sani. In ka shiga za ka yi magana.”

Na koma benci. Dattijon ya tambaye ni wane malami ne ya yi mana aiki. Na ce malama ce, tana saman bene, na kwatanta masa wurin, na ce 'yarsa ta zo da lambar asusunsu kafin Alhamis. Ya maimaita kwatancen sau biyu. Daga nan muka zauna, ni da shi, muna kallon ƙofa. Ban taɓa sanin zaman bencin nan haka yake ba. Rana tana dukan rabinsa, ga ƙarar injin wuta, ba ka jin komai daga ciki.

Ita ce ta ƙarshe da ta fito. Ba leda a hannunta. Har muka hau mota na riƙe bakina da hannu biyu. Sai da muka wuce gidan mai na ce, “Umma.”

Ta ce, “Ya rame. Kai da ka ce ya yi ƙiba.”



Ta ce, “Da ya gan ni bai tashi ba, bai gaishe ni ba. Ya ƙanƙame bakin benci yana kallon ƙasa kamar wanda za a yanka. Na tsaya, na tsaya. Sai na ce masa, to matsa mana in zauna, ko a tsaye zan wuni?”

“Sai me?”

Ta juya tana kallon titi.

“Sai ya matsa.”